Yadda Na Koyi Gane Siffofin Jadawalin Hannun Jari

Abin da na fara yi shi ne rufe gefen dama na jadawalin. Duk wanda ya buɗe tarihin farashin wani kamfani na shekara biyar zai ga siffofi birjik: ga kai da kafaɗu nan, ga tuta can, ga alwatika a tsakiya. Ganinsu ba wuya, domin abin da ya biyo bayansu yana gaban ido, kuma shi ke nuna maka inda za ka duba. A ranar ciniki kuwa babu gefen dama, fili ne fari fat. Saboda haka na riƙa mayar da jadawali baya zuwa wata rana da na zaɓa da ka, in ɓoye duk abin da ya zo bayanta, sannan in riƙa buɗe kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Manhajoji irin su TradingView suna da maɓallin da ke yin wannan aikin. In babu, a ɗora takarda a kan rabin fuskar kwamfuta, ta wadatar.

Kafin a je ga siffa, sai an san kyandir, wato 'yar sandar da ke nuna motsin farashi na wani ɗan lokaci, kamar kwana ɗaya, a kan jadawali. Kowane kyandir lamba huɗu yake ɗauke da su: farashin da aka buɗe da shi, mafi tsadar da aka kai, mafi arahar da aka sauka, da farashin da aka rufe. Tsakanin buɗewa da rufewa shi ne jikin kyandir, siraran layukan sama da ƙasa kuma su ne lagwani. Kore na nufin an rufe sama da inda aka buɗe, ja kuma akasin haka. Wannan salon zane daga 'yan kasuwar shinkafa na Japan ya samo asali, kuma yana da sunaye masu yawa na kyandir ɗaya ko biyu ko uku. Ban haddace su ba da farko, kuma har yanzu ina ganin haddar tasu ɓata lokaci ce ga sabon shiga. Abu ɗaya na riƙe: a cikin lambobin huɗu, rufewa ta fi nauyi. Lagwani yana nuna inda farashi ya leƙa, rufewa ke nuna inda aka yarda a kwana.

Sai saitin jadawalin, wanda mutane ke tsallakewa su sha wahala daga baya. Na zaɓi kyandir na kwana ɗaya, in sa watanni shida zuwa shekara a kan fuska. Kasuwar Amurka tana aiki kusan kwana 252 a shekara, don haka kyandir 125 zuwa 250 ke nan, adadin da ido zai iya ɗauka. Kyandir na minti biyar kuwa, a zaman ciniki na awa shida da rabi, guda 78 yake fitarwa kowace rana, mafi yawansu hayaniya ce, kuma siffa kan kammala ta wargaje kafin ka gama zana layinta. Na biyu, a tabbatar an daidaita tarihin farashin da rabe-raben hannun jari. Lokacin da Apple ya raba kowane hannun jari gida huɗu a watan Agustan 2020, jadawalin da ba a daidaita ba zai nuna kamar farashi ya rushe da kashi 75 cikin ɗari a dare ɗaya, alhali ba wanda ya yi asarar komai. Na uku, ma'aunin gefe. Akwai na lamba, akwai na kaso. A na lamba, tashi daga 10 zuwa 20 bai kai tashi daga 50 zuwa 100 tsayi ba, duk da cewa dukkansu ninkawa ce. A na kaso tsayinsu ɗaya. Ga hannun jarin da ya yi tafiya mai nisa, na kaso nake amfani da shi, in ba haka ba layukan da ka zana za su yi maka ƙarya. Na huɗu, a kunna sandunan yawan ciniki a ƙasan jadawali, tare da matsakaicinsu na kwana 50. Kuma na guji kamfanonin da ba a cinikinsu sosai, domin a can oda ɗaya mai girma ta isa ta zana maka siffar da ba ta nufin komai.

Makonnin farko ban nemi siffa ko ɗaya ba. Tudu da kwari kawai nake yi wa alama. Na kafa wa kaina ƙa'ida don kada son rai ya shigo: tudu shi ne kyandir da ƙololuwarsa ta fi ta uku da ke gabansa da uku da ke bayansa, kwari kuma akasin haka. Idan tuddai suna hawa, kwaruruka ma suna hawa, farashi yana kan hanyar sama. Idan duka biyun suna sauka, yana kan hanyar ƙasa. Idan sun cakuɗe, babu alƙibla. Wannan tunani ya koma ga rubuce-rubucen Charles Dow a jaridar Wall Street Journal a farkon shekarun 1900, kuma daga baya na gane cewa kusan kowace siffa da ake ba suna, wannan maganar ce aka sake wa riga.

Daga nan sai daɓe da rufi. Daɓe shi ne wurin da farashi ya sha sauka ya tsaya, rufi kuma wurin da ya sha hawa ya dawo. Kuskurena na farko shi ne zana su da siririn layi kamar zare. Farashi ba ya mutunta zare. Yanki ne, kamar daga 49.50 zuwa 50.30, kuma na fi samun daidai idan na bi ta inda jikkunan kyandir suka taru, na bar lagwani ya ɗan tsallake. Taɓawa biyu ke ba da izinin zana layi, ta uku ke sa a yarda da shi. Akwai kuma abin da ke yawan faruwa: rufin da aka fasa yakan koma daɓe. Dalilin a fili yake. Waɗanda suka sayar a 50 suka ga farashi ya wuce suna jiran ya dawo su sake saya, waɗanda suka yi jinkiri ma nan suke jira.

Siffar da na fara koya da sunanta ita ce tagwayen tudu. Farashi ya daɗe yana hawa, ya kai 60, ya sauka 54, ya sake hawa zuwa 59.40, ya kasa wucewa. Tuddan biyu su kasance kusa da juna a tsayi, tazarar kashi biyu ko uku cikin ɗari, kuma tsakaninsu a sami makonni, ba kwana biyu ba. Nan ne kusan kowa ke riga malam masallaci, ni ma na yi ta yi a gwajin takarda: da ganin tudu na biyu sai a ce siffa ta cika. Ba ta cika ba. Muddin farashi bai rufe ƙasa da kwarin tsakiya ba, wato 54, abin da ke gabanka kawai farashi ne da ke kai-komo tsakanin daɓe da rufi, kuma yana iya fasa rufin gobe ya ci gaba da hawansa. Idan ya rufe ƙasa da 54, sai a auna: daga 60 zuwa 54 tazara 6 ce, a cire ta daga 54, a sami 48. Wannan lamba hasashe ne na inda tafiyar za ta iya kaiwa, ba alkawari ba. Tagwayen kwari haka suke, a kife.

Kai da kafaɗu ta fi kowace suna, ta kuma fi kowace jan mutum ya ga abin da babu. Sharaɗin farko da ake mantawa: dole a sami hawan da ya gabace ta, domin siffar juyawa ce, kuma abin da bai tafi ba ba ya juyowa. Ga yadda take da lambobi. Farashi ya hau zuwa 72, kafaɗar hagu ke nan. Ya sauka 66. Ya hau zuwa 80, kai ke nan. Ya sauka 67. Ya sake yunƙurawa ya tsaya a 73, kafaɗar dama. Layin da ya haɗa 66 da 67 shi ne layin wuya, kuma tunda yana ɗan hawa, lokacin da farashi zai zo fasa shi yana iya kasancewa wajen 68. Awon nan ana yin sa ne daga ƙololuwar kai zuwa layin wuya daidai ƙarƙashin kan, wato 80 a cire 66.50, saura 13.50. A cire wannan daga wurin fashewa, 68, a sami 54.50.

Abin da ya buɗe min ido a kan wannan siffa shi ne duba ta da ƙa'idar tudu da kwari. Kafaɗar dama ita ce karo na farko da tudu ya kasa wuce na bayansa. Fasa layin wuya kuma alama ce cewa jerin kwaruruka masu hawa ya fara karyewa. Ke nan siffar ba wani sihiri ba ce, hoton yadda hawa ke mutuwa ne. Yawan ciniki ma yana ba da shaida: a siffa mai kyau yakan yi yawa a kafaɗar hagu, ya ragu a kai duk da farashi ya fi tsada, ya ƙara raguwa a kafaɗar dama. Masu saye suna ƙarewa ke nan. A kifaffiyar siffar, wadda ke zuwa bayan faɗuwa, na fi matsa wa sharaɗin yawan ciniki a ranar fashewa, saboda farashi yana iya faɗuwa don rashin masu saye kawai, amma ba ya hawa sai da kuɗi. Kafaɗu ba sai sun yi daidai kamar an auna da ma'auni ba. Amma idan sai na karkata kai na runtse ido kafin in ga siffar, na koyi cewa babu ita.

Alwatika da tuta ba su buƙatar dogon bayani. Alwatika mai hawa rufinta a miƙe yake, kwarurukanta suna hawa suna matse farashi zuwa rufin. Mai sauka daɓenta ne a miƙe, tuddanta na sauka. Akwai kuma wadda gefunanta biyu ke matsowa, ita wannan ba ta faɗin inda za ta fashe, jira ake yi. Kowane gefe yana son taɓawa biyu aƙalla, yawan ciniki ya riƙa raguwa a ciki. Idan farashi ya rarrafa har bakin tsinin bai fashe ba, na daina ɗaukarta da muhimmanci. Tuta kuma ɗan hutu ne bayan tashi mai kaifi: sanda ita ce tashin, ƙyallen kuma ɗan gangare ne na mako ɗaya zuwa uku. In gangaren ya cinye fiye da rabin sandar, ko ya shiga wata na biyu, ba tuta ba ce kuma.

Inda na fi daɗewa shi ne fashewar ƙarya, domin nan kuɗin mutane ke zubewa. Farashi ya haura rufin 50 da tsakar ciniki, ya kai 50.90, kowa ya ruga ya saya, kafin a tashi ya rufe a 49.60, ya bar dogon lagwani a sama. Me ya faru? Rufin da kake gani, dubban mutane suna ganinsa. Odar saye na masu jiran fashewa, da odar tsayar da asara (umarnin fita daga ciniki idan farashi ya kai wata lamba) na waɗanda suka yi cinikin faɗuwa, wato suka sayar da fatan farashi ya sauka su sake saya da araha, duk suna jibge ne kaɗan sama da shi. Da farashi ya taɓa wurin sai su tashi gaba ɗaya, su tura shi sama na ɗan lokaci. In babu sababbin masu saye a bayansu, masu manyan kaya sun sami wanda za su sauke wa, farashi ya koma ciki. Matakai uku na ɗauka a kan wannan. Ba na ƙirga fashewa sai an rufe ranar a wajen layin. Ina son rufewar ta wuce layin da tazara mai ma'ana. Tsofaffin masana sukan ce kashi uku cikin ɗari, amma wannan ya yi yawa ga kamfani mai natsuwa, ya yi kaɗan ga mai tsalle-tsalle, don haka na koma amfani da rabin matsakaicin motsin kwana ɗaya, wato ma'aunin ATR na kwana 14 da J. Welles Wilder ya fito da shi a 1978. Sannan ina son yawan cinikin ranar ya kai ninki ɗaya da rabi na matsakaicin kwana 50. Kowane ɗayan matakan nan yana da kuɗinsa: za ka shiga a makare, a farashi mafi tsada, wani lokaci ma jirgin ya tashi ba kai. Na yarda da wannan musayar. Wasu kan jira farashi ya dawo ya taɓa tsohon rufin kafin su shiga. Yakan dawo ɗin, amma ba kullum ba, kuma sau da yawa waɗanda ba su dawo ba su ne suka fi nisa.

Amfanin siffa na gaskiya ya bayyana min ne lokacin da na fara lissafin shiga. Siffa tana ba ka wurin da za ka ce na yi kuskure, kuma daga wannan wurin ake lissafa komai. Misali, alwatika mai hawa, rufi 50, kwarin farko 44, kwarin ƙarshe 47.50. Farashi ya rufe a 50.80. Odar tsayar da asara tana ɗan ƙasa da kwarin ƙarshe, a ce 47.30. Haɗarin kowane hannun jari 3.50 ke nan. Faɗin alwatikar 6 ne, a ɗora a kan 50, hasashe ya zama 56, ribar da ake fata 5.20. Riba ta ninka haɗari kusan sau ɗaya da rabi, wanda ke nufin sai ka ci huɗu cikin goma kafin ka tashi ba riba ba asara, ban da kuɗin dillali. Da ninki biyu ne, ɗaya cikin uku ta isa. Siffofi da yawa masu kyan gani a nan suke faɗuwa, in bar su su wuce. In an yanke shawarar shiga, adadin da za a saya ma daga nan yake fitowa. Jarin 10,000, an yarda a yi asarar kashi ɗaya cikin ɗari, wato 100. A raba 100 da 3.50, a sami hannun jari 28, kuɗinsu 1,422.40. Ba ƙarfin zuciya ke yanke adadin ba, nisan wurin tsayawa ne.

Sai dai odar tsayar da asara ba katanga ba ce. Da farashi ya taɓa ta, takan koma odar sayarwa a duk farashin da aka samu. Kamfanoni a Amurka suna fitar da rahoton ribarsu sau huɗu a shekara, galibi kafin a buɗe kasuwa ko bayan an rufe. Idan rahoton ya yi muni, hannun jarin da ya kwana a 51 yana iya wayar gari a 43, ya tsallake 47.30 ba tare da ya taɓa ta ba. Asarar hannun jari 28 ɗin nan ta zama 218.40, fiye da ninkin abin da aka tsara. Wannan shi ake kira giɓi, kuma babu siffar da ke hango shi. Shi ya sa duba ranar rahoto ya shiga jerin abubuwan da nake yi kafin in zana layi ko ɗaya. In saura kwanaki kaɗan, siffar ta jira.

Akwai wani gwaji da ya rage min zumuɗi, kuma kowa zai iya yin sa cikin minti goma a manhajar lissafi. A fara da 100, a sa kwamfuta ta ƙara ko ta rage kashi ɗaya cikin ɗari bisa ƙuri'a, sau 250, a zana sakamakon. A maimaita sau da yawa. Za ka ga tagwayen tudu, za ka ga daɓe da rufi, wani lokaci har kai da kafaɗu tsaf, a cikin lambobin da babu kamfani ko ɗan kasuwa a bayansu. Ido yana son ganin siffa ko babu ita. Masana ma sun gwada batun da gaske. A shekarar 2000 Andrew Lo na jami'ar MIT da abokan aikinsa biyu sun sa kwamfuta ta zaƙulo siffofi a hannayen jarin Amurka daga 1962 zuwa 1996, suka sami cewa wasu daga cikinsu suna ɗauke da ɗan ƙarin bayani. Ɗan ƙarin bayani daban, tabbacin riba daban.

Saboda haka littafin rubutu ya zama tsakiyar aikin. Kowane gwaji layi ɗaya: kwanan wata, kamfani, sunan siffa, alƙiblar da ta gabace ta, lambar layin da ake jira, farashin rufewa a ranar fashewa, ninkin yawan ciniki, wurin tsayawa, hasashe, da abin da ya faru bayan kyandir 20. Hoto biyu nake ajiyewa, ɗaya kafin in buɗe gefen dama, ɗaya bayan na buɗe. Komai sai an rubuta shi kafin a matsa kyandir na gaba, domin da zarar ka ga sakamako, zuciya za ta ce ai dama na sani. Siffa ɗaya nake ɗauka a lokaci guda har sai na tara misali 50 nata, masu kyau da marasa kyau, kafin in koma wata. Ina kuma cakuɗa shekaru, domin wanda ya yi duk gwajinsa a shekarar da kasuwa ke hawa zai ɗauka kowace tuta zinariya ce. A saka 2008 da 2022 a ciki, a ga yadda fashewar sama ke mutuwa idan kasuwa gaba ɗaya tana gangarowa. Wannan ne ya sa na ƙara layi biyu a littafin: ina ma'aunin kasuwa kamar S&P 500 ya dosa, kuma me jadawalin mako-mako na kamfanin ke nunawa. Alwatika mai hawa a jadawalin kwana, wadda rufinta ke ƙarƙashin wani babban rufi na mako-mako, ba ta da filin tafiya.

Bayan gwajin tarihi sai asusun gwaji na dillali, inda farashi na gaske ne amma kuɗin na wasa. Tsarin kowace rana bayan an rufe kasuwa bai wuce rabin awa ba. Kamfanoni 20 ne a jerina, ba sa canzawa, don in saba da yadda kowanne ke motsi. Ina buɗe na mako-mako, sannan na kwana, in sabunta tuddai da kwaruruka, in duba ranar rahoto, in sa ƙararrawa a kan layin da nake jira maimakon in zauna ina kallo. A gaban kowane kamfani akwai gurbin sunan siffa, kuma a mafi yawan ranaku abin da ke shiga gurbin, daga na farko har na ashirin, kalma biyu ce: babu siffa.